Kwalayen Baƙin Zare

Ilarie ba ya barin kek ya fita daga shagon Dorina sai ya taɓa idanun wanda ke kansa. Yana da tsinken sakace guda a aljihun gaban rigarsa. Idan an shimfiɗa takardar sukari mai hoto a kan kek, sai ya tsoma bakin tsinken a farin kirim, ya sunkuya, ya ɗiga ɗan ɗigo a kowane ido, wanda bai kai ƙwayar riɗi ba. Injin buga hoton ba ya fitar da wannan hasken. Shi kuwa ya ce fuskar da ba haske a idonta ba a kai ta gidan biki.

"Kawu Ilarie, mai kek na bakin ƙofa," in ji Dorina. "Ci fa za a yi, ba a bango za a rataya ba."

"To a ci shi idonsa a buɗe."

Shekara talatin da takwas shi ne mai hoton garinmu, a ɗakin nan na kusa da tashar mota inda yanzu ake gyaran waya. Duk wanda aka yi wa baftisma, ko ya tafi soja, ko ya yi aure a wannan gefen kogin Danube, ya taɓa tsayawa gaban labulensa mai zanen duwatsu. Da kowa ya sami waya sai aka daina shigowa. Bai yi ƙorafi ba. Ya kwashe kwalayen fim ɗinsa zuwa ɗakin ƙasa na gidansa, ya miƙa mabuɗi. Dorina ce ta ɗauke shi lokacin da ta sayo injin, don injin ya iya bugawa amma bai san inda ake tsayar da fuska ba.

Aikin bai taɓa yankewa ba. Rabin mutanen garin na aiki a Italiya da Sifen, kuma daga can ake turo hotuna ta waya. Tsohuwa za ta zauna ranar bikin waliyyar da ta ci sunanta, ga jikan da ba ta taɓa ɗauka ba yana mata dariya daga tsakiyar tebur, cikin furen sukari. Ba mai yanka fuskar. Akan bi gefe-gefe da wuƙa har ta rage ita kaɗai, a sa ta a firji. Bayan kwana huɗu launin yakan fara zuba. Ilarie ya taɓa cewa a da yana yi wa mutane alkawarin shekara ɗari, yanzu yana yi musu na zuwa Talata.

Wata Litinin, ana gab da girbin inabi, Profira ta shigo. Ta zauna a kujerar masu jira ba tare da an ce ta zauna ba.

"Amarya," in ji Ilarie. Haka yake kiran duk matar da ya ɗauki hoton aurenta, ko da tana dogara sanda.

"Rufe min baki, tsoho. Lahadi muke cika shekara hamsin da aure ni da Anghel. Yara duk za su zo. Hoton aurenmu nake so a kan kek."

"Kawo shi, Goggo, a buga," in ji Dorina.

"Da yana nan da na zo hannu wofi? Ruwa ya tafi da shi shekarar ambaliya, shi da kabad ɗin." Ta juya ga Ilarie. "Kai ka ɗauka. Fim ɗin na wurinka."

Kowa a garin ya san halin da Anghel ke ciki. Shi ne ya tuƙa jirgin fito shekara da shekaru, ya san kowane tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, amma shekara biyu ke nan ba ya gane matarsa. Baiwar Allah yake ce mata. Yakan yi mata godiya in ta ba shi abinci, sannan ya tambaye ta ko Profira ta dawo daga kasuwa.

"Hoton takarda ture shi yake," ta ce. "Amma abin da ke cikin faranti yana kallonsa ya daɗe. Kwanan baya an kawo kek na jikarmu Ilinca, kai ka yi shi. Yarinyar kamar ni ce lokacin ina budurwa. Ya duba, ya ce, 'Ga Profira.' Ya hana a yanka." Ta gyara ɗankwalinta. "Ina so in tsaya kusa da kek ɗin. Ya kalle shi, ya kalle ni. Ko minti ɗaya ne."

Ilarie ya ce zai duba. Bai gaya mata yadda kwalayen suke ba.

Marigayiya matarsa, Saveta, ita ce ke ajiye fim. Ba ta taɓa rubuta suna ko shekara a kan ambulan ba, don ba ta mantuwa. Ka ambaci ango, ta miƙa hannu ta zaro. Tana da nata tsarin. Tana tsaye a gefe tana gyara wa amare mayafi, tana kallon yadda ango ke riƙe hannu, da wanda ya fara sakin fuska bayan walƙiyar fitila. Auren da ta ga zai zauna, fim ɗinsa na shiga kwalin da ta ɗaure da jan zare. Wanda ta ga ba zai kai ba, baƙin zare. Jajayen kwali goma sha ɗaya ne. Baƙaƙen sun fi haka nesa, don Saveta ba ta cika kyautata wa maza zato ba. Shekara shida da rasuwarta, ba wanda ya kwance ko zare ɗaya.

Auren da ya kai hamsin, ai ba sai an tambayi inda yake ba. Ilarie ya hauro da jajayen.

Yanar ido ta rufe masa na hagu, na daman ma ba ya aiki sai da hasken safe. Don haka daga fitowar rana zuwa wajen sha ɗaya yake zama a tagar kicin, da madubin ƙara girma, yana ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya. A fim komai a juye yake: kowace amarya baƙar riga, baƙar fuska, farin gashi, kamar tsufa ya riga ta zuwa wurin biki. Ga shi a wancan zamani rigunan aure uku ne kacal ake haya a garin. Shi kaɗai ya rage mai iya gane mutum a haka, ta faɗin kafaɗa ko yadda aka karkata kai. Ya ga waɗanda suka mutu. Ya ga iyayen Dorina. Ya ga kansa da Saveta, ya riƙe wannan ya ɗan jima, don bai san wane kwali ta sa su ba sai ranar.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Alhamis idonsa ya gaji a shago har ya ɗiga wa wani jariri haske a kumatu.

"Yau kuma hawaye muke sayarwa?" in ji Dorina. Ta karɓi tsinken ta goge wurin da kanta. "Kawu, Asabar da rana dole in buga, in ba haka ba takardar ba za ta kwanta ba. Ka je gida ka huta da idon nan."

Juma'a da hantsi ya rufe jan kwali na ƙarshe. Ba su ciki.

Da la'asar Profira ta zo gidan da kwanon mamaliga, tuwon masararmu, da cuku a sama. Ta ga kwalaye a kan tebur, a kan kujeru, a ƙasa. Ta ɗauki wani jan zare tana naɗawa a yatsa, ta tambayi na mene ne. Bai iya ƙarya ba, sai ya gaya mata.

Ta yi dariya har ta dafa tebur.

"Wayyo Ilarie! Kwana huɗu kana neman mu cikin mutanen kirki? Ka manta? Anghel ya taka min riga ta yage, na ɗura masa gwiwar hannu a haƙarƙari kana cikin ƙirga uku. Savetarka ta gaya wa duk layin coci cewa ba za mu kai girbin inabi ba. Har ta mutu, in mun haɗu a kasuwa sai ta ce, 'Har yanzu?'"

Ya tuna. Ya tuna yagewar rigar, da allurar da Saveta ta riƙe a baki.

"Baƙaƙen nawa ne?" ta tambaya. Dariyar ta riga ta tafi.

Ya dubi tagar. Rana ta koma bayan gidan.

Asabar tun da gari ya waye ya hauro da baƙin kwali na farko, ya kwance zaren. Ya duba ambulan kamar arba'in. Fim ɗin wannan kwalin ya sha laima, yana bukatar babban madubin da ya bari a ƙasa. Ya zaro tsinkensa, ya soka tsakanin ambulan don kada ya manta inda ya tsaya, ya nufi matakala.

Maƙwabciya ce ta ji kiransa. Ya faɗo daga matakalar, ƙashin ƙugu ya karye. Kafin azahar motar asibiti ta wuce da shi babban gari.

Dorina ta rufe shago awa biyu, ita da Profira suka zauna a tagar kicin ɗin Ilarie. Suka ɗaga fim, suka ajiye, suka ɗaga wani.

"Goggo, wannan fa?"

"Wannan siririyar? Ban sani ba, 'yar nan. Wataƙila ni ce. Wataƙila uwar wani ce."

Suka mayar da komai yadda suka same shi, har tsinken.

Kek ya fita ranar Lahadi da furanni da lamba hamsin, ba hoto. Dorina ta ce ba ta taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba, kuma gaskiya ta faɗa. Profira ta tsaya kusa da shi cikin sabuwar riga. Anghel ya ci yanka biyu, ya yaba, ya ce, "Baiwar Allah, a ajiye wa Profira nata."

Ta ajiye.

Ɗan Ilarie ya zo daga Torino ta Italiya ya ce ba zai bar shi shi kaɗai da matakala ba. Ranar tafiya, yana kwance a bayan mota, ya sa aka kira Profira. Ya ce kada a taɓa teburin. Bikin waliyyin da Anghel ya ci sunansa na nan tafe a Nuwamba, kafin nan zai dawo ya ƙarasa, a yi wani kek.

"Allah ya kai mu, tsoho."

"Amin, amarya."

Can Torino ya rasu, bayan sabuwar shekara. Gidan na rufe, mabuɗin na wurin maƙwabciya. Ta ce kwalin na nan a kan teburin kicin, baƙin zaren a kwance gefensa, tsinken a tsaye inda ya soka shi. Sauran kwalayen na ƙasa a ɗaure.