Yayana da ƙarar babur

Yau ma cikin rumbu na tarar da yayana Sani, ya duƙunƙune bisa damman gero yana kyarma. Ɗan kabu-kabu ne kawai ya wuce ƙofar gida.

Tun da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu bisa babura, ba ya jure wannan ƙarar. Bana ko gona bai leƙa ba.

Na je asibitin garin da ke kusa da mu, na faɗa wa majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, halin da Yaya ke ciki, na tambaye shi ko akwai likitan da ke zama ya saurari damuwar mutum.

Ya ce, "Yana jifa? Yana tuɓe kaya?"

Na ce a'a.

"To malama, ku gode Allah. Irin wannan likitan sai Maraɗi. Ku ɗora shi kabu-kabu zuwa bakin kwalta."

Na ce, "Majo, babur ɗin ne ciwon nashi."

Sai kawai ya kira mai bi mini a layi.

Wato sai Yaya ya fara jifa za a yarda ba shi da lafiya? Jama'a, wanda ya san inda ake samun irin wannan likitan ta wajen Gidan Sori, don Allah ya faɗa mini. Ko da amalanke zan kai shi.