Igiyar Labulen Kawu Husnu

Kawu Husnu, yayan mahaifiyata, bai taɓa shanye kofin shayi a zaune ba. Yana aiki a wani ƙaramin masallaci a unguwar Fener ta Istanbul, wanda coci ne a zamanin Rumawa. In lokacin salla ya yi, ya ja igiya, labule ya rufe hoton Nana Maryam da ke can sama. In an sallame, ya buɗe wa baƙi. Ko minti ɗaya bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Gaggawarsa, wallahi, haushi take ba ni.

Bara sai ga Manol, abokinsa na ƙuruciya, Kirista, wanda iyayensa suka ƙaura da shi Atina ta ƙasar Girka shekara sittin da suka wuce. Likita ya ce idonsa ba zai kai ƙarshen shekara ba. Hoton nan kaɗai ya dawo gani, don uwarsa kan ɗora shi a kafaɗa ya kalla, kuma washegari zai koma.

Amma Kawu ya rantse sai baƙo ya zaga gari. Ni na tuƙa su a motata ta haya. Daga tsohuwar ganuwa sai kabarin wani Sultan, daga nan sai wata rijiya a ƙarƙashin coci. Ko'ina, "Mu je, mu je!"

"Husnu, kai ni wurin Maryam," in ji Manol.

"Shekara dubu ba ta gudu ba, sai yau? Ɗaga ƙafa, tsohon banza!"

"Kai dai har yanzu kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Cunkoso ya riƙe mu a gada. Muna isa, ladan na gama kiran la'asar. Manol ya tsaya bakin ƙofa ya ɗaga kai. Kawu ya kama igiya, ya kasa ja. Aka yi sahu. Liman ya yi gyaran murya sau ɗaya, sau biyu. A na uku Kawu ya ja, labule ya rufe ruf.

Manol bai sauke kai ba, sai ma murmushi yake yi. Nan na gane bai ma ga labulen ya rufe ba.

"Kar ka rufe tukuna, Husnu," ya ce a hankali. "Yanzu na fara ganinta."

Kawu ya dube ni, ya dubi labulen.

"Ban rufe ba, ɗan'uwa," ya ce. "Kalli abinka."