Haƙorin Gwada Masara

Mu masu sayen hatsi a kasuwar Dandume ba mu da na'urar auna danshi sai haƙori. Manomi zai rantse maka masararsa ta bushe, kai kuwa ka ɗauki ƙwara ɗaya ka ciza. In ta ce ƙas, ka saya. In ta lotse, ka bar masa kayarsa, don a rumbu za ta ruɓe maka.

To, turmin haƙorin da na yi rabin rayuwata ina wannan aiki da shi ne ya dare a kan wani ɗan dutse cikin wake. Na shiga damuwa ba kaɗan ba. Sai da ta kai ina miƙa wa abokan sana'a masara su ciza mini, su kuwa abin nema ya samu, suna ta tsiya wai tsoho ya ajiye makami.

Wata likita a Funtuwa ta auna bakina, aka ƙero mini farar hular haƙori ta wani abu mai kama da tangaran, zirkoniya sunansa. Ranar da ta kafa ta, na rufe baki na ji hular ta riga sauran haƙora haɗuwa. Ta rage tudun da ɗan injinta, ruwa na feshi. Na ji daidai, na yunƙura zan tashi, don ranar kasuwa ce kuma ni dama ba gwanin zama ba ne.

"Koma ka kwanta, Baba," in ji ta. "Ban goge ba."

"'Yar nan, goge me? Ba gasar kyau zan shiga ba."

Ta yi dariya, ta tambaye ni ko na taɓa ganin mai yankan gilashi. Na ce na gani. Ta ce ai ba yankawa yake yi ba, karta kawai yake, sannan ya danna, gilashin ya bi kartar ya rabu. Haka wannan hular take: ƙarfi gare ta sosai, amma inda inji ya ci ya bar ƙananan kartoci da ido ba ya gani, nan tsaga ke samun ƙofa. Kuma in aka bar ta da kaushi, za ta riƙa cinye haƙorin da ke samanta.

Na koma na kwanta ina cika ina batsewa. Ta yi ta sauya wa injin kan roba na guga, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har harshena ya riƙa zamewa a wurin. Da zan fita ta gargaɗe ni kada in mai da shi guduma.

Duk da haka tsoro bai bar ni ba, sai da kaka ta yi. Wani manomi daga Bakori ya kwance bakin buhu, na waiga babu wanda zan miƙa wa. Na yi bisimilla, na ɗora ƙwara a kan sabon turmin, na danna. Ƙas! Gabana ya faɗi, don ban san wanne ya fashe ba. Na tofa a tafin hannu: masara ce, ta rabu biyu. Na lasa haƙorin, sumul.

Wallahi daɗin da na ji har idona ya kawo ruwa. Na ƙara wata, na ƙara wata, har manomin ya janye buhunsa.

"Alhaji," ya ce, "saye za ka yi, ko kalaci ka zo?"