Kawu Ya Ci Awon Numfashi a Arlit

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Tawa, ni da kawuna. Shekarunsa na ƙarfi duk a ramin uraniyom ya ƙare su, yanzu ko rijiyar gida ba ya kaiwa sai ya tsaya ya dafa bango. Mun ji wani likita ya sauka Arlit yana awon huhun tsoffin ma'aikata. Wanda awo ya nuna huhunsa ya lalace, a rubuta sunansa cikin masu samun magani. Abin da ya fitar da mu ke nan.

A Agadas muka kwana biyu muna jiran rakiyar soji, don hanya ba tsaro. Kwaltar kuwa suna kawai ta tara, duk ta farfashe. Hagu da dama gawar shanu ce, ta bushe har ba ta wari. Inda muka tsaya shan shayi, ruwa ya fi shinkafa tsada. Kawu ya ce da ya sani da randa ya taho ya yi arziki.

Arlit ta ba ni tsoro da rana tsaka. Layi guda na gidajen ma'aikata babu ƙofa babu taga. Motocin da a da ke kai ma'aikata rami suna jere, tayoyi sun nutse cikin yashi. Kawu yana ta nuna gidaje yana kiran sunayen masu su, ko wanne sai ya ƙara da Allah ya ji ƙansa.

A ɗakin awon, tsofaffi ne zaune shiru, ba ka jin komai sai ƙugin ƙirji. Likita ya yi mana bayani: cikin iskar da mutum ke shaƙa akwai wadda ke shiga ta fito ba ta gamu da jini ba, ta faɗa mataccen wuri a huhu; in ta yi yawa, huhun ya lalace ke nan. Za a toshe hanci, mutum ya yi numfashi cikin wata jakar roba, a ɗibi jini a wuyan hannu, a gwada biyun. Ya ce kowa ya yi numfashinsa na kullum. Jakunkunan da aka cika suna rataye a bango, suna motsi kaɗan kaɗan. Na kasa kallonsu.

Abin da ban sani ba, a zamanin aiki duk wanda ya faɗi awon shekara korarsa ake yi. Don haka ma'aikata suka ƙware: ka danne tari, ka ja iska har ƙasan ciki, a hankali. Ana sa wa Kawu bututu a baki ya miƙe zaune, ya yi abin da ya saba. Layi ya yi tsawo, likita bai lura ba. Takarda ta fito wai huhunsa lafiya, ba a rubuta sunansa cikin masu samun magani ba.

Na koma na roƙi likita a sake. Kawu ya riƙe rigata.

"Ɗana, kar ka ba ni kunya. Ban taɓa faɗuwa awo ba."

Wallahi raina ya ɓaci, har hawaye na yi.

Mun iso Tawa jiya da la'asar. Na koyi cewa tsoron kora yana bin mutum ko bayan aiki ya ƙare. Kawu ya ɗaga takardar yana nuna wa 'yan tarba daga cikin mota, sannan mutum biyu suka ɗauko shi suka sauke.