Fatawata a Kan Dutsen Kebbe

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta shekarar da na yi wa dutse shari'a ba. Tun Nasara ba su zo ba ne. Na dawo Kebbe daga karatu a Tambuwal, rawanina ya fi ilmina nauyi.

Wani manomi yana huɗa, sai garmarsa ta tono dutse kamar goruba, sumul, an sassaƙa masa ƙulu shida da tsagi kewaye. Da ya wurga shi daji da ya huta. Ladabi ya sa ya kawo wa malamai.

Kwana uku muna kansa a zauren liman. Liman ya ce gatarin aradu ne, ko da yake ba shi da kaifi ko na yankan tuwo. Wani dattijo ya ce ma'aunin zinariya ne na mutanen farko. Wani masunci ya leƙo ya ce ya yi kama da dutsen da ake ɗaura wa taru don ya nutse. Aka tambaye shi a wane littafi ya ga haka, ya ja takalminsa ya fice. Ni kuwa na cika takarda huɗu da Larabci, na tabbatar gunki ne, gonar kuma tsohuwar matsafa. Ba wanda ya karanta har ƙarshe, saboda haka kowa ya gamsu.

Manomin ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta malam, kakana yas sari gonag ga. In dutsin na da iko, mi yah hana shi kore muna tsuntsaye?"

Na ce tambayar jahili ce. Alƙali ya sa aka mayar da dutsen raminsa, aka kewaye da ƙaya, aka hana noman gonar. Mutumin ya kwashi iyalinsa ya koma Jabo, yara na kiran sa ɗan matsafa.

Bayan damina biyu na bi ta wurin. An buɗe wa ƙayar 'yar ƙofa, ciki ga ƙoren gumba da nono, ga gashin farar kaza. Wata tsohuwa mai itace ta ce mini masu neman haihuwa ne ke zuwa, har daga Sanyinna.

Ta ce, "Ai malamai sunka ce gunki na. Da mu ina munka sani?"

Har yau ban san abin da ya sa mutanen farko suka sassaƙa shi ba. Na dai san duk zamansa a ƙasa dutse ne, takardata ce ta naɗa shi gunki. Daga ranar na koyi cewa "ban sani ba". Kalma ce mai ɗaci a bakin malami, amma ba ta taɓa raba kowa da gonarsa ba.