Suna Zaɓen Bakin Teku, Ina Jiran Izinin Zuwa Gida

A lokacin ina direba a gidan wani injiniya Bature da matarsa, kusa da Unguwar Ofisoshin Jakadanci a Riyad. Shi ne kafilina, wato wanda takardun zamana a Saudiyya suke hannunsa, kuma ƙa'idar gidan ita ce ba na tafiya hutu sai sun tafi nasu. Ban taɓa ganin aibun hakan ba sai shekarar da ƙanwata ta kira daga Funtuwa ta ce jikin Baba ya yi tsanani, kullum yana tambayar yaushe zan zo.

Na faɗa wa maigida. Ya tausaya mini, ya ce in ƙara haƙuri, ai sun kusa tafiya wani tsibiri a tekun Karebiya, da sun tsayar da masauki zai fitar mini da izinin fita daga ƙasar. Ashe tsibirin rabi na Holan ne, rabi na Faransa, kuma nan rigimar take. Shi ɓangaren Holan yake so, wai akwai manyan otal-otal da kasuwanni, ga filin jirgi kusa. Ita kuwa ta ce hayaniyar Riyad ta ishe ta, ɓangaren Faransa za ta, inda bakin teku yake shiru, abinci kuma ya fi daɗi. A bayan mota suke wannan gardamar, ko hanyar ofis ko hanyar Aziziya sayen kayan miya, ni ina riƙe da sitiyari, waya tana ta rawa a aljihuna da kiran gida. Wata rana a danja har hotuna matar ta miƙo mini, wai in faɗi gaskiya wanne ya fi kyau. Na ce duka suna da kyau. Yau su kama ɗaki, gobe su fasa, jibi su ɗaga tafiyar. Nauyin baki da tsoron rasa aiki suka hana ni sake tayar da maganata. Na yi ta ce wa Baba mako mai zuwa, har ya daina tambaya.

Ina wanke mota da hantsi aka kira ni aka ce ya cika. A ranar maigida ya fitar da izinin daga wayarsa, a tsaye, ko zama bai yi ba. Na isa gida, kabari kawai aka nuna mini.

Bayan na koma bakin aiki sun yi tafiyarsu. Da na ɗauko su daga filin jirgi, matar tana dariya take ba ni labari, ashe ko shinge babu tsakanin ɓangarorin, sun kwana a na Holan, suna cin abinci a na Faransa. Na ce madalla, na ci gaba da tuƙi.

Ba mugayen mutane ba ne, ba su dai san nauyin abin da na haɗiye ba. 'Yan'uwana masu aiki a ƙasar mutane, kada ku rataya ganin iyayenku a kan shirin wani. Ranar da aka ce jikin tsoho ya yi nauyi, ku faɗa, ku sake faɗa, har a gaji da ku a sake ku.