Sallau Bas da Amplinsa

Duk wanda ya san Sallau Bas a Agiye ya san ba ya kiɗa a tsaye. Kan ampli, akwatin nan mai ƙara sauti, yake ɗarewa, ya harɗe ƙafa, jitar bas a cinya. In ka tambaye shi dalili sai ya ce bas ba da kunne ake jin ta ba, da ciki ake ji. Ni ke buga wa ƙungiyarmu ganguna, tun muna samari nake gefensa, amma har ya koma ga Allah ban gane rabin abin da yake nufi ba.

Ranar da tsohon amplinmu ya ƙone, ga bikin Gidan Rumji ya matso, muka tafi Maradi neman wani. Mai shago ya jera mana sababbi, yana ta bayanin ƙarfin kowane. Sallau bai ko dube shi ba. Ya jona jita, ya hau na farko, ya ja tsirkiya ɗaya, ya rufe ido, ya sauko. Haka ya bi su duka. A ƙarshe ya nuna wani tsoho can lungu, wanda ɓera ya ci wa fuska, ya ce shi za a ɗauka.

Na ja shi gefe na ce, "Sallau, don Allah me ka ji a wannan?"

Ya ce, "Shi kaɗai ya motsa furar da na sha."

Mai shago ya tambaye ni a hankali ko abokina lafiyarsa lau. Na ce wallahi ni ma tambayar da nake yi ke nan.

A tasha aka ce a ɗaure amplin saman mota. Sallau ya ce sam. Ya zaunar da shi a kujerarsa, ya lulluɓe shi da zanen da ya sayo wa matarsa, shi kuma ya haye sama cikin awaki. Da muka iso shingen jandarma, jami'in ya leƙo, ya yi wa mai lulluɓi sallama, shiru. Ya nemi katin shaidarta, shiru. Sai ga muryar Sallau daga sama: "Ranka ya daɗe, yi haƙuri, ba ya magana sai da kuran, wutar lantarki." Jandarman ya ɗaga zane, ya dubi ampli, ya dubi Sallau, ya ce mu tafi kafin kansa ya yi ciwo.

A bikin ne ya fito da wata fedal da ƙanensa ya aiko masa daga Libiya, irin wadda ake takawa ta canza muryar jita. Bai taɓa gwada ta ba. Ana tsakiyar rawa bayan la'asar ya taka. Bas ta saki wani kuka kamar na saniya. Wani sa da aka ɗaure a bayan gida don walima ya amsa. Sallau ya murɗa wani maɓalli don ya kashe, kukan ya ƙaru, sa ya sake amsawa. Uban amarya, makiyayi ne, ya taso rai ɓace, yana zaton shaƙiyanci muke masa, ya ce mu tattara kayanmu. Kafin ya rufe baki tsofaffin mata sun cika fili suna juyi da guɗa. Dole ya koma ya zauna.

Tun daga nan duk bikin da muka je, har Gazawa, sai a ce a yi kukan sa. Fedal kuwa ba ta ƙara cewa uffan ba. Ya taka, ya murɗa, ya shanya ta a rana, a banza. Na ce ƙila pil ɗinta, wato batir, ne ya mutu, a sa sabo. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Hamisu, in na jefar da tsohon pil, muryar fa? Ai a cikinsa take."

Bara ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Wanda ya gaje shi ya san sunan kowane maɓalli, kiɗansa tsaf, ba abin da za ka kushe. Ni ne dai har yanzu nake waiwayawa hagu, inda Sallau ya saba zama, ana cikin kiɗa, sai hannuna ya kuskure. Allah Ya jiƙan Sallau, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Amin.